Hular da Ta Riga Ni Dawowa Gida

Ƙofar Guga, Katsina
Litinin, da hantsi

Zuwa ga Hajiya Ramlatu, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar da matafiyi ke hangowa tun ƙafarsa ba ta kai ba, ƙamshin ƙasa ranar da ruwan farko ya sauka, farar kurciyar da ta sauka kan katangar zuciyata tun ina saurayi, ta ƙi tashi, ta kuma ƙi saukowa ciki!

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, ya ƙafar nan taki, ya jikoki, ya ƙarin haƙurin rashin Alhaji Mamman? Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta.

Akwai wata magana da na fara ji shekara hamsin da biyar da suka wuce, ta bayan katanga, a bakin wata mai kitso, ina sati ɗaya da dawowa daga yaƙin basasa. Wai da labari ya iso Katsina cewa na mutu a bakin daga, ke Ramlatu kin yi mani takaba. Wai kin kwance kitso, kin aje kwalli da lalle, kin toshe kwalbar turare, kin zauna ɗaki wata huɗu da kwana goma, alhali baiko kawai ke tsakaninmu, ba a shafa fatiha ba. Dariya na yi. Na ce mai kitso ce, in hannunta na aiki dole bakinta ya taya shi. Ina aka taɓa takaba ba aure? Wane malami zai bari? Kuma wadda ta yi wa mutum haka, ya za a yi ya dawo ya tarar da ita amarya a gidan wani? Na tattara zancen na aje inda ake aje tatsuniya. Sai dai zancen irin tumfafiya ne, na sare shi ya fi a ƙirga, yana tohowa.

Zan dawo kanshi. Kin san ni, ban iya bin hanya miƙe ba, sai na leƙa kowane lungu.

Hajiya, wallahi kin gajiyar da ni! Na bari kin gama takabar Alhaji, na ƙara wata biyar a kai don kunya, sannan na aiko ƙanwata Hadiza, tsohuwa da ciwon gwiwa, tana hawa napep daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Marusa kamar mai zuwa aikin gwamnati. Zuwan farko aka ce kina lazimi. Ta zauna har inuwa ta juya, lazimi bai ƙare ba. Wane irin lazimi ne wannan, na al'umma gaba ɗaya kike yi? Zuwa na biyu ta kai goro da turare, kika maido su ko ƙullin ba ki kwance ba, kika ce a gaishe ni, a ce mani in riƙa shan maganin hawan jini a kan lokaci. Ni na aiko da zuciya, an maido mani da shawarar likita! Zuwa na uku ne kika buɗe baki, Hadiza kuwa ta kawo mani maganar da ɗuminta, har da yadda kika ɗaga yatsa:

"Ki ce wa yayanki, kafin ya tambaye ni aure, ya amsa mani tambaya ɗaya. Ya aka yi hular da na ɗinka mashi ta shiga jakar wani? Kuma kada ya kawo mani zancen aron sallar Juma'ar nan da ya daɗe yana yi wa mutane. Ni na auna kanshi da zare. Na kuma san kan abokinsa Bashir, tulu ne."

Kwana tara ina juya wannan saƙo. Da na ci gaba da juya shi har in mutu, sai jiya bayan azahar na ji ɗanki Mustapha yana faɗa wa liman cewa ran Asabar zai ɗauke ki ku koma Abuja gaba ɗaya. Abuja! Inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, inda za a kulle ki bayan ƙofar ƙarfe da mai gadi, kina kallon talabijin da jikokin da ke amsa Hausa da Turanci! Kwana biyar suka rage mani, bayan na ɓarnatar da shekara hamsin da biyar. To, ga amsarki. Amma sai kin yi haƙuri na faro ta daga tushe, don ba ta da daɗin faɗa tsirara.

Kin san littafin da nake rubutawa, wanda Hadiza ke cewa ya hana ni aski. Tarihin 'Yan Ganuwa ne. A takardar gwamnati lamba ce da mu, wadda ko ni na fara mantawa, amma mu sunan da muka sa wa kanmu ke nan, saboda dukkanmu daga cikin ganuwar birni masu unguwa suka tattaro mu da aka ce ƙasa na neman sojoji. Mu tamanin da huɗu. Maƙera, majema, mahauta, 'yan koli, tsofaffin 'yan doka biyu, da ni, ɗan aji bakwai, wanda aka ɗora wa rubuta wa kowa wasiƙa. Babbar mota ta kai mu Funtuwa, jirgin ƙasa ya kai mu Zariya, sati shida aka koya mamu tafiya cikin takalmin da ya fi mu nauyi, aka ce mun zama soja. Da muka haye Binuwai a Makurɗi, rabinmu suka rufe ido suna salati, don ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙasansa ba. Yau mu biyu muka rage, ni da Abba mahauci, shi kuwa kunne ya tafi. In na tambaye shi sunan garin da muka kwana, sai ya ce mani Alhamdu lillahi, da sauƙi. Da irin wannan shaida nake rubuta tarihi!

Sajenmu tsohon sojan yaƙin Bama ne, shi ya kafa mamu dokar hula. Ya ce takarda na ɓata a hanya, takarda na kuskure, in ma ta isa, uwar mutum ba ta iya karanta ta ba. Saboda haka kowa ya aje hularsa ta gida a ƙasan jaka. Wanda ya faɗi, a ciro hularsa a ba mai rauni na farko da za a mayar Arewa, ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya kai gida. Ba sai an yi magana ba. Uwa ta san ɗinkin da ke kan ɗanta. Wanda kuwa ya ɓata ba a ga hularsa ba, ba a yi mashi sadaka, jiransa ake yi. Hula talatin da ɗaya suka dawo Katsina a kan wannan doka. Talatin sun faɗi gaskiya.

Ya hasken farin wata, kin tuna ranar awo? Ni dai ko yanzu na rufe ido ina zauren babanki a Ƙofar Marusa, la'asar sakaliya, tantabaru na sauka kan rufin soro. Kika fito da zare a hannu, kika ce in duƙa. Na ce soja ba ya duƙa wa kowa. Kika ce, "Sojan da ko wandon kaki bai gani ba tukuna? Duƙa, Malam, kada in auna da kunnuwan." Na duƙa. Kika zagaya zaren bisa goshina, yatsanki ya taɓa gefen kunnena, ɗan taɓi kaɗan, kamar saukar malam-buɗe-littafi kan furen kabewa. Kika ƙulle zaren, kika cije shi da haƙori, kika shige gida da gudu. Wayyo ni! An yi mani ruwan harsashi, an yi mani ruwan sama wata shida a daji, ba abin da ya wanke wurin nan. Wata uku kina ɗinkin ƙuben nan, zare kore da ruwan goro a kan fari, har aka ce idonki ya yi ja. Ranar tafiya kika aiko mani da ita cikin ɗankwalinki. Ba wanda bai san hular ba a cikin 'Yan Ganuwa, don na ishe su da ita. In an sami hutu sai in ciro, in kaɗe, in ɗora, in zagaya sansani kamar ango.

To, ga abin da ya faru, kuma Allah na gani ba zan rage ba.

Shekara ta biyu, muna cikin wani dajin kwakwar manja, can wajen Okigwe, damina ta ƙi ƙarewa. Wata biyu ba wanda ya ga goro. Ke kin san ni da goro, har yau haƙorana ne shaida. Kaina kamar ana sara shi da gatari. Sai ga abokina Bashir, ɗan majema, wanda muke cin kwano ɗaya, ya samo goro biyu wajen wani direba, farare, manya, ya nannaɗe cikin ɗanyen ganye yana nuna mani yana mayarwa aljihu. Na roƙe shi don Allah, na roƙe shi don Annabi, ya ce sai dai mu buga dara. Muka haƙa gurabe a ƙasa, shi da tsakuwa, ni da kwanson harsashi. Ya ce me zan aje? Na ce sabulu, ya ƙi. Na ce bargo, ya ce yana da shi. Ya ce, "Hular Ramlatu."

Hajiya, na aje ta.

Ban ara mashi don Juma'a ba. Caca na yi da ita, ni da na sauke Alƙur'ani. Na ce a raina wa ya taɓa cin Yari a dara? Zan ci goro, hula na nan. Ko rabin sa'a ba a yi ba ya share ni tas. Ya ɗora ta bisa wannan tulun kan nasa, ta tsaya can sama kamar murfin buta, yana dariya har da hawaye. Ya ɓara goro ɗaya ya ba ni rabi don tausayi, ya cusa hular cikin jakarsa, ya ce gobe in zo mu sake, in na ci in karɓi abata. Ba wanda ya gan mu. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Goben ba ta zo ba. Da sassafe aka yi mamu kwanton ɓauna a bakin wani rafi. Bashir na cikin waɗanda suka fara faɗuwa, Allah ya gafarta mashi, ya yafe mamu darar nan ni da shi. Ni kuwa aka yanke mu daga sauran, aka kama ni. Da ƙura ta lafa aka buɗe jakar Bashir, aka ga hula biyu. Kowa ya san ba ma rabuwa, ni kuma ba a gan ni ba, aka ce tare muka tafi. Aka miƙa hulunan ga mai rauni na farko da za a mayar gida, wani shiru-shiru da harsashi ya fasa wa gwiwa. Mamman. Bai yi ƙarya ba, bai yi ha'inci ba, amana aka ba shi ya kai. Da hular nan tana jakata, da ɓatacce ne ni ba mamaci ba, da doka ta ce a jira, da kin jira. Na san da kin jira!

Wata goma sha huɗu ina tsare. Ba zan zagi mutanen da suka riƙe ni ba, su ma yunwa ke cinsu, akwai ma wani dattijo da ke raba rogonsa biyu ya miƙo mani ta ƙasan ƙyaure. Abin da ya riƙe raina shi ne wurin nan a gefen kunnena. Da aka gama yaƙi na sauka tasha, na shigo unguwa da rana tsaka, mata suka watsar da tallarsu suna ihu fatalwa, wani malami ya bi ni da tofi. Uwata ta shafa fuskata ta suma. Da ta farfaɗo aka ce mani an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, har an raba rigunana. Sannan aka ce wata uku ke nan da tarewarki gidan Mamman.

Shi da kansa ya zo, yana dogara sanda, ya tsaya ƙofar zaurenmu yana kuka kamar yaro. Me zan ce mashi? Shi ne ya tambaye ni yadda aka yi, ni kuma bakina ya ƙirƙiro aron sallar Juma'a. Ƙarya ce ta minti ɗaya, ta zauna mani shekara hamsin da biyar. Na yi aure, Allah ya ba ni mace ta gari, ta rasu ina mai yaba mata. Ke ma kin zauna da mijinki da mutunci, garin nan shaida ne. Sahu ɗaya muke sallah da shi. Tsakanina da ke sai "Ina kwana, Hajiya", "Lafiya lau, Malam", a bakin hanya, ido a ƙasa. Ko sau ɗaya ban ɗaga kai ba. Amma kin san me ake kira zama kusa da rijiya da ƙishirwa, guga a hannun wani, kana kuma yi mashi fatan alheri da gaskiya?

Yanzu kin ji. Wata ukun idonki, na aje su a kan goro biyu, rabin ɗaya kawai na ci. Ki yi fushi, kina da gaskiya. Ki kira ni sakarai, Hadiza ta riga ki. Amma don girman Allah, Ramlatu, wane alƙali ne ke yanke wa yaro ɗan shekara ashirin ɗaurin rai da rai a kan wasan dara? Ban biya ba? Gemu ya yi fari fat, gwiwa ta ƙi lanƙwasa, in na yi sujada sai na yi shawara da bango kafin in tashi. Me ya rage da za ki hora? Ko kunyar jikoki kike ji, kada a ce tsohuwa ta yi aure? Su ce! Su da ke soyayya ta waya, su rabu kafin caji ya ƙare, su ne za su koya mamu abin kunya? Ba rawa nake so a yi ba, ba kiɗa. Fatiha, dattawa huɗu, dabino. In sha kunun da kika dama, in karanta maki littafin nan kina gyara mani, don ke ma kin san rabin mutanen da ke ciki. In na yi tari wani ya ce sannu. Abin da ya rage mamu na rana kaɗan ne, ya zumar farar ƙaya, ya sanyin asubar kaka, rana ta yi gora ta sunkuya, me zai sa mu ƙarasa ta ke a Abuja ni a nan?

Shafi ɗaya ne ya gagare ni a tarihin 'Yan Ganuwa. Na rubuta kowace hula, da wanda ya kai ta, da gidan da ta shiga. Na zo kan ta talatin da ɗaya alƙalami ya tsaya. Uwata ta faɗa mani, ranar da mai unguwa ya kawo ta, ke kika zo kika durƙusa kika ce a ba ki, ke kika ɗinka. To, ga roƙona. Dokar Saje ta ce in hula ta tafi gida, mai ita ya mutu. Ni kuwa na ce in ta dawo kan mai ita, yana raye. Ba sai kin yi magana ba, mu 'Yan Ganuwa mun saba. Hadiza za ta zo ran Alhamis da hantsi. In kin yarda, ki ba ta hular. Zan sa ta in tafi masallacin Juma'a, ko asu ya cinye rabinta, ko ta tsaya mani a ƙeya, daga can in wuce wurin Mustapha da dattawa kafin ya ɗaure kaya. In kuwa Hadiza ta dawo hannu wofi, ba zan sake damunki ba. Zan ɗauki alƙalami in gyara shafin, in rubuta cewa hula talatin da ɗaya suka dawo Katsina, dukkansu gaskiya suka faɗa, ɗaya ce dai ta yi sammako.

Ko kin aiko ko ba ki aiko ba, ni dai inda kika ƙulle zaren nan nake tsaye. Ban motsa ba ina fursuna, ban motsa ba kina gidan wani, ba kuma zan motsa ba har ranar da za a auna ni awo na ƙarshe.

Naki, jiya da yau da abin da ya rage,
Yari na Ƙofar Guga

Na ce zan dawo kan maganar takaba. Bayan mai kitso, wata gwaggona ta faɗa mani, na ce tsufa ne. Hadiza ta faɗa mani, na ce lallashi ne. Na ƙi yarda, don in na yarda, darar nan ta fi ƙarfin abin da zan iya ɗauka. Sai bara, na je duba wani mara lafiya bayan azahar, kwana uku kafin ya cika. Ganin halin da yake ciki, na ce ba zan bari ya tafi da ƙaryata a kunnensa ba, na faɗa mashi zancen dara kaf. Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa. Ya ce, "Goro biyu! Kai Yari, Allah ya shirye ka." Sannan ya kama hannuna ya ce, "To ni ma karɓi naka. Wata huɗu da kwana goma, ko yini ɗaya ba ta rage ba. Liman ya aika sau biyu a ce mata ba takaba a kanta, ta ce ta ji, ta ci gaba da abinta. A kan idona aka yi. Hular kuma tana nan ƙasan akwatinta cikin tsohon ɗankwali, da ita ta tare, da sanina. In ta gama tawa takabar, ka je. Amma ka faɗa mata gaskiya, har goron, don ba a yi mata ƙarya ta zauna lafiya."

Shi kam ban iya ƙaryata shi ba, don duk duniya ba wanda ya fi shi dalilin ɓoye mani. Wanda ya faɗa mani na ƙarshe, Ramlatu, mijinki ne, Alhaji Mamman.